Makonni Bakwai da Ardis Ta Yi Kirki

Ranar da Ardis ta yabi gahawar surukarta, ranar ya kamata a saka ta a mota a kai ta asibiti. Maimakon haka sai aka ƙara mata wani kofin.

Ina wurin, ba ji na yi ba. Lahadi ce, mun dawo daga coci muna zaune a teburin kicin ɗinsu: ni, da Ardis, da mijinta Orval, da ɗansu Dwayne, da matar Dwayne ɗin, Lorna, wadda ta dafa gahawar. Ardis ƙanwar matata ce, marigayiya Verna. Shekara arba'in da ɗaya muka yi muna zagin juna ni da ita, kuma tun da Verna ta rasu babu abin da nake ɗoki a mako kamar zagin nan. Ita kuwa Lorna, shekararta goma sha tara tana dafa gahawa a gidan, shekara goma sha tara Ardis tana kurɓa ta ce, "Wa ya wanke safa a tukunyar nan?"

Ran nan ta kurɓa, ta lumshe ido, ta ce, "Lorna 'yata, hannunki akwai albarka."

Cokali ya suɓuce wa Dwayne. Lorna ta waiwaya ta duba ko akwai wata Lornar a bayanta. Orval kuwa ya yi murmushi irin na wanda aka ɗage ranar rataye shi.

Na ce, "Ardis, lafiya?"

"Lafiya lau, Milo. Rigar nan ta karɓe ka."

Rigar nan ita ce wadda a makon da ya wuce ta ce ko gawa aka sa wa za ta tashi ta tuɓe.

A lokacin an yi mata ƙarin magani na uku. Ciwon dajin fata gare ta, irin na matan da suka yi rayuwarsu a kan tarakta ba malafa, ya fara a wuya ya gangara huhu. Duk bayan mako biyu Orval yana kai ta asibitin birni, tafiyar awa biyu, a ɗaura mata ledar magani ta jijiya. Maganin ba ya taɓa dajin da kansa. Garkuwar jikin mutum yake kwance wa, kamar mai gida ya kwance karnuka don ɓarawo. Kuma maganin yana aiki: hoto ya nuna ƙullutun yana raguwa. An ba su ɗan littafi mai shafi talatin, da wani kati mai lambar waya, aka ce ko ƙanƙanin canji suka gani su kira. Katin yana jikin firij, an danne shi da maganaɗisu mai siffar kifi. Littafin kuwa, a lokacin ban san inda ya shiga ba.

Mako na farko gidan ya yi ta ɗar-ɗar, ana zaton tarko ne. Mako na biyu Orval ya gwada sa'arsa. Shekara goma sha biyu yana son sayen kwalekwale mai inji, Ardis tana cewa mutumin da yake jin jiri a kan tsani ba shi da abin yi a tsakiyar tafki. Ya kawo maganar a hankali, yana kallon ƙofa.

Ta ce, "Ka saya mana, angona. Ka sha wahala."

Kafin Juma'a kwalekwale yana tsakar gida, fari fat, ya fi gidan sheƙi. Soyayyen naman aladen da likitan zuciya ya hana Orval, wanda Ardis ta tsare hanyarsa shekara shida, ya dawo teburin safe. Lorna ta sake fentin kicin, kore ya koma fari, ta kwashe tsofaffin kwalaben surukarta ta kai rumbu. Tsuntsu daga sama gasasshe. Fasto ya zo gaisuwa, Ardis ta riƙe hannunsa ta ce wa'azinsa na Lahadi ya yi gajarta. Mutumin nan ya fita da ƙwalla a ido, ya tsaya a bakin mota yana gaya mana cewa ciwo yakan tausasa zuciya, Ubangiji yana aikinsa ta hanyoyin da ba mu sani ba.

Kada in wanke kaina in bar wasu da datti. Duk Alhamis da yamma ni da Ardis muna karta. Cikin shekara talatin ban ci ta sau biyu a jere ba. A watan nan na ci ta Alhamis uku a jere. Tana yar da katin da bai kamata ba, tana dariya, tana cewa, "Kai, Milo, ashe haka ka iya!" Ni kuma ina tattara katina ina jin daɗi. Na lura tana tsayawa tana kallon kati kamar wasiƙa ce da wani harshe. Na lura. Na ce wa kaina gajiyar magani ce, na raba wani zagayen.

Kwana biyu kafin kowane ƙarin magani wata nas takan bugo waya daga asibitin ta yi tambayoyi. Ina kicin ɗin ranar da Lorna ta ɗauka.

"Gudawa? A'a. Ƙuraje? A'a. Tari? Ba laifi. Ciwon kai? Ta ɗan ambata, amma ba laifi." Ta ɗan saurara. "Canjin hali ko ruɗewa?" Ta dubi Ardis, wadda ke bakin taga tana yi wa tsuntsaye murmushi. "Wallahi ba ta taɓa zama lafiya kamar yanzu ba."

Ba ƙarya ta yi ba, a ganinta. A garinmu in tarakta ta taka ƙafar mutum aka tambaye shi, zai ce ba laifi. In gidansa ya ƙone zai ce da ma ya fi haka. Mun ɗauki ƙorafi rashin tarbiyya, mun ɗauki kiran likita damun mutumin da yake da aiki. Tun da na yi wayo mutum ɗaya na sani a garin nan mai faɗin abu yadda yake, ita ce kuma ke tsaye a bakin taga tana hira da tsuntsaye.

Aka yi ƙari na huɗu. Likita ta ga tsohuwa mai fara'a tare da miji mai amsa tambayoyi, na minti goma. Me za ta gani?

Sai bikin baje kolin amfanin gona ya zo. Shekara ashirin da shida Ardis ce alƙaliyar kokwamba mai tsami ta kwalba, kuma mata suna tsoron teburinta fiye da ranar hisabi. Takan buɗe kwalba, ta shinshina, ta ɗan gatsa, ta rubuta hukunci a ƙaramin kati. Shuɗin ƙyalle na wadda ta zo ta ɗaya guda ne tak, wata shekarar ma ta hana shi kowa, ta ce bana babu wadda ta cancanta. A wannan shekarar kwalba arba'in da uku aka jera. Ardis ta nemi shuɗin ƙyalle arba'in da uku. Da suka ƙare aka aika rumfar tumaki aka aro.

Ban taɓa ganin rumfar nan cikin murna irin ta ranar ba. Mata suna rungumar juna. Bernice mai aiki a gidan waya, wadda ta shekara ashirin tana kawo kwalba tana komawa da zagi, ta maƙala ƙyallenta a ƙirji ta zaga filin har sau biyu.

Na tarar da Ardis zaune a bayan tebur, ruwan tsami ya jiƙa mata gaban riga ba ta sani ba. Ta ɗago ta ce, "Milo, ina Verna? Ta ce za ta kawo tata."

Shekara huɗu ke nan da muka binne Verna. Ardis ce ta zaɓi rigar da aka sa mata, bayan ta ƙi wadda na zaɓa.

Na sami Orval a rumfar naman gashi na gaya masa.

Ya ce, "Haba Milo, shekararta saba'in da ɗaya. Ni ma jiya na nemi tabarau yana kan hancina."

"Ka taɓa neman matacciyar 'yar'uwarka a rumfar kokwamba?"

"Kewa ce. Ka bar ta ta ji daɗinta." Ya lashe yatsa. "Ka ɗanɗana haƙarƙarin nan kuwa?"

A mako na biyar Dwayne ya kawo tasa buƙatar. A arewacin gidan akwai layin bishiyoyi sittin da biyu da mahaifin Ardis ya dasa da hannunsa don tare iskar hunturu, yana ɗebo musu ruwa da bokiti shekara uku kafin su kama. Dwayne ya daɗe yana cewa sun tsufa, suna shanye ruwan gona, babban injin girbi ba ya samun wurin juyawa. Amsar Ardis ba ta taɓa canzawa ba: ranar da za a sare su, a fara da wuyanta.

Ya zauna kusa da ita ya ce, "Mama, maganar bishiyoyin nan..."

Ta shafa kansa. "Yi yadda ka ga dama, ɗana. Kai ne mai hankalin gidan nan."

Ko Dwayne sai da ya ji maganar wani iri, amma bai bari ta huce ba. Litinin katafila ta iso. Laraba sai sarari. Ardis ta tsaya a baranda tana tafi duk lokacin da wata ta faɗi.

Aka yi ƙari na biyar.

Daga nan abin ya fara fin ƙarfin murmushi. Ta daina barcin kirki, da rana take gyangyaɗi a kujera. Ta zuba gishiri a tulun sukari. Tana ba furannin roba na kan talabijin ruwa kullum safe, Lorna tana gogewa a bayanta tana dariya. Sau da yawa a rana takan tsaya cak a tsakiyar magana, idonta ya kafe, tana tanɗe leɓe, yatsunta suna tsinkar gefen riga, kamar minti guda, sannan ta dawo ta ce, "Me muke cewa?" Gidan ya raɗa wa abin suna. Suna cewa Mama ta tafi yawo.

Alhamis ta mako na shida na raba karta, ta ɗauki nata ta jera su a fuska a buɗe, ta ce, "Ka tuna mini yadda ake yi." Na jingina da teburin, sai na ji bai yi rawar da ya saba ba. Teburin nan tun auren Dwayne yake ɗingishi. Na sunkuya. Ga ɗan littafin maganin, an ninke shi biyu an tokare gajeriyar ƙafar da shi.

Shekara talatin da takwas na yi ina gyaran kurakurai a jaridar garinmu ta mako-mako. Aikin ya bar mini cuta guda: in na ga rubutu sai na karanta, ko da a bayan kwalin ashana ne. Na zare littafin, tebur ya koma ɗingishinsa. A shafi na goma sha tara aka ce karnukan nan da ake kwancewa wani lokaci sukan bar ɓarawo su juyo kan mai gida: hanji, hanta, huhu, fata, kuma a wasu 'yan tsiraru, ƙwaƙwalwa. Aka jera alamu. Ciwon kai, mantuwa, ruɗewa, rikicewar barci, ɗaukewar hankali na ɗan lokaci, canjin hali. A ƙasa da manyan haruffa: a kira nan take, kada a jira ranar zuwa.

Na iske Orval a tsakar gida yana goge kwalekwalen da bai taɓa ruwa ba. Na karanta masa.

Ya ce, "Cewa suka yi in abu ya ɓaci a kira. Me ya ɓaci? Gyaruwa ya yi."

"Ba ta san watan da muke ciki ba."

"Ni ma in ba don girbi ba ina zan sani?"

Lorna ta leƙo daga ƙofa. "Kawu Milo, kai dai ba ka son ganin mutane cikin walwala. Shekara goma sha tara ina shan baƙar magana a gidan nan. Yanzu da baiwar Allah ta sauko sai ka ce ciwo ne?"

Dwayne ya fito daga ƙarƙashin injin girbi, hannu duk baƙin mai. "In ka je ka tayar da hankalin likita suka tsayar da maganin fa? Maganin ne ke cinye dajin. Kai za ka ɗauki alhakin?"

Wannan ce kaɗai magana mai nauyi da aka faɗa a tsakar gidan, kuma ban raina ta ba. Na ce likita ce za ta auna, ba mu ba, amma ba za ta auna abin da aka ɓoye mata ba.

Orval ya ninke tsummansa. Ya yi ƙasa da murya. "Milo, shekara arba'in da takwas. Ka san ko sau nawa ta kira ni angona? Bari alkama ta shiga rumbu tukuna. Bayan girbi ma gani."

Bayan girbi. Da kalmomin nan biyu aka binne rabin mutanen da ke maƙabartar garinmu.

Na buga lambar da ke jikin firij. Wata murya mai ladabi ta tambayi sunana, ta ce ba na cikin waɗanda aka rubuta za a yi magana da su, amma in ina da damuwa in gaya wa iyalin su kira. Na ce iyalin ne damuwar. Ta ce za ta bar saƙo. Wataƙila ta bari.

Na san in na tsaya gaban likita na ce matar nan ta yi kirki, ni za a kwantar. Sai na bi gida-gida. Abin da na sani game da matan garinmu shi ne sukan yar da yabo, amma ba sa yar da zagi. Bernice ta buɗe akwatin gwangwani ta ciro katunanta na hukuncin kokwamba ashirin da ɗaya, an ɗaure da zare, a jere shekara bi shekara. Wasu mata huɗu suka ba ni nasu. Kowacce sai da ta ce in dawo mata da su.

Allah ya taimake ni da hadari. Ranar ƙari na shida rediyo ta ce ruwa na tafe da ƙanƙara kafin Asabar, alkama kuma tana tsaye. Dwayne na kan inji, Orval na jan motar hatsi, Lorna na kai musu abinci. Wa zai ɓata awa shida a hanyar birni? Sai ga tsohon banza mara aikin yi.

Orval ya miƙo mini mabuɗi yana cewa, "Ka kai ta, ka zauna a waje, ka dawo da ita. Kada ka je kana cika wa mutane kunne."

Na ce, "Ba laifi."

A hanya ta yabi tuƙina. Ta yabi shanun mutane. Ta tambaye ni sau huɗu me ya sa Verna ba ta biyo mu ba, sau huɗu na ce tana da aiki. Wajen gadar kogi ta tafi yawonta, leɓe na motsi, yatsu na tsinkar riga. Na duba agogo: daƙiƙa saba'in. Na rubuta a bayan hannuna.

Ban zauna a waje ba. Nas ta zaunar da ita, ta rataye leda, tana neman jijiya. Na ce ta dakata.

Ta dube ni. "Kai ne mijinta?"

"Allah ya kiyaye."

Ardis ta ce, "Milo ne. Mutumin kirki, ba ya da abokin faɗa."

Na ce, "Kin ji ko? Wannan kaɗai ya isa a ba ta gado. Kira mini likita, in ba haka ba zan zauna a kan ledar nan."

Likitar ta zo, yarinya ce da ba ta kai Dwayne ba, da alamar an katse mata cin abinci. Ban yi dogon bayani ba. Na shimfiɗa katuna a kan gado, na da a hagu, na bana a dama. Ta ɗauki ɗaya daga hagu ta karanta: "Wannan kokwambar ta mutu kafin a sa ta a kwalba." Ta ɗauki wani: "Gishiri ba laifinki ba ne, amma ke kika zuba." Rubutu tsaye, kowane harafi kamar soja. Ta koma dama. "Madalla." "Madalla." "Madalla." A na huɗu haruffan sun fara zamewa. Na biyar layi ne kawai ya gangara ya fita daga katin.

Ta ce, "Hannu ɗaya ne ya rubuta waɗannan?"

"Hannu ɗaya. Tsakanin wannan da wancan shekara guda."

Ta ja kujera ta zauna gaban Ardis. Ta tambaye ta wata, Ardis ta ce Maris, alhali muna tsakiyar Agusta. Ta ba ta kalmomi uku ta riƙe, bayan minti biyu babu ko ɗaya. Ta ba ta takarda ta ce ta zana fuskar agogo. Ardis ta yi da'ira mai kyau, ta tara lambobin duka a gefe guda kamar tumaki a inuwa, ta miƙa tana murmushi.

Likitar ta miƙe ta sauke ledar da hannunta. "Tun yaushe?"

"Mako bakwai."

Ta dai dube ni, na gwammace da ta yi magana.

Na buga wa Orval waya daga baranda. Ƙarar mota ta cika wayar. Na ce an kwantar da ita, za a ɗauki hoton kai, a ɗebi ruwa daga gadon bayanta.

Ya ce, "Na gaya maka ka zauna a waje." Sai kuma ya ce, "To, yaushe za ku dawo? Motar nake so."

Washegari da hantsi farfaɗiya ta kayar da ita, ta gaske, wadda ke karya haƙori. A gadon asibiti ta same ta, mutum huɗu a kanta cikin minti guda. Da a kan matakalar rumbu ta same ta, da labarin nan ya fi haka gajarta. Gwaji ya nuna kumburi a ƙwaƙwalwa, ba ƙwayar cuta, ba daji a wurin. Likitar ta ce ba za ta rantse ba, don shi kansa dajin yakan tayar da irin wannan, amma maganin ne babban abin zargi, kuma ba za a ƙara mata shi ba. Aka shiga ɗura mata wani maganin mai mayar da karnuka cikin keji.

Kwana takwas tana kwance kamar tsumma. Rana ta tara ina zaune ina karanta takardar dokokin kashe gobara ta bayan ƙofa, aka kawo karin kumallo. Ta miƙa hannu ta ɗauki kofi, ta kurɓa. Fuskarta ta tattare.

"Wa ya wanke safa a tukunyar nan?"

Na ajiye tabarau.

Ta juyo. "Kai kuma me ya kawo ka? Wa ya mutu ka gaji rigar nan?"

Na fita baranda. Wata nas ta tarar da ni ina share ido, ta dafa kafaɗata ta ce in yi haƙuri. Na ce mata ban taɓa jin daɗi irin na yau ba tun da aka binne matata.

Alkama ta shiga rumbu, iyalin suka zo cikin kayan coci. Likitar ta tara mu a wani ɗan ɗaki. Ta ce dajin ya ragu sosai, za a zuba masa ido. Ta ce Ardis za ta tashi, za ta yi tafiya, za ta san kowa. Amma wurin da ƙwaƙwalwa ke ajiye sabon abu ya yi tabo. Abin da ya wuce yana nan daram, abin da ya faru jiya kuwa zai riƙa zubewa. Da an kawo ta a mako na farko ko na biyu, in ji ta, mai yiwuwa da ba a kai ga haka ba. Sannan ta buɗe takardar tambayoyin waya ta karanta layin canjin hali, da amsar da aka bayar, har sau biyu.

Lorna ta ce, "Ni na ɗauka canji na mugunta ake nufi."

Dwayne ya ce lokacin girbi ne. Orval ya ce shi ba likita ba ne. Ni kuwa ina tuna Alhamis uku.

Babu wanda ya daki Ardis a gidan nan. Babu wanda ya hana ta abinci ko ya ɗaga mata murya. In ka tambayi maƙwabta za su ce ba a taɓa kula da ita kamar a makonnin nan ba, kuma gaskiya ne. Ƙwaƙwalwarta tana ci da wuta, mu kuma muka kewaye muna jin ɗumi. Kowa ya miƙa hannu ya ɗauki abin da ya daɗe yana so: wani kwalekwale, wata fenti, wani eka uku na gurbin bishiyoyi, wani zagayen karta. Da ciwon ya mai da ta mai zagi fiye da da, wallahi kafin rana ta faɗi da an buga lambar nan ta jikin firij.

Ranar da muka dawo da ita, Orval ya rako ni bakin mota. Ya tsaya yana kallon kwalekwalensa, wanda yanzu aka rataya wa allon sayarwa. Ya ce, "Na san ka yi daidai, Milo. Amma tsakaninmu, kwanakin nan sun yi daɗi."

Na ce, "Wa kuka tambaya?"

Yanzu wata na biyar ke nan. Ba ta tuna komai daga makonnin nan bakwai, kuma in an gaya mata ba ya kwana. Harshenta kuwa ya dawo cif, ko tsatsa babu. Kullum safe takan sauko ƙarfe bakwai, ta tsaya a ƙofar kicin ta ce, "Wane mara ido ne ya yi wa kicin ɗina fenti?" Lorna ta yi bayani. Sai ta taka zuwa tagar arewa, inda iska take shigowa yanzu ba mai tare ta. Ta daɗe a tsaye. Sannan ta juyo a hankali.

"Wa ya sare bishiyoyin Babana?"

Dwayne ya gwada cewa iska ce, ta ce iska ba ta barin sawun katafila. Ya gwada cewa ita ta ba shi izini, ta ce, "Ni? To ranar ba ni da hankali, kai kuma kana da shi. Me ka yi da naka?" Ya gwada fita gona kafin bakwai, sai ta jira shi har azahar. Kowace safiya sabon labari ne a wurinta, kowace safiya sabon hukunci, kuma ba ta taɓa maimaita zagi ɗaya ba.

Na daina jiran Lahadi. Bakwai saura kwata nake isa, in ja kujera, Lorna ta zuba mini ruwan safar nan, in zauna inda zan ga fuskar kowa. Ranar Alhamis kuma ina biyan nawa kason. Karta tsohon abu ce, tana nan a kanta daram. Tun da ta dawo ban ci ta ko sau ɗaya ba.